Filin kajina ya koma caɓi tun shigar Agusta, ina mafita?

Tambayar ta fito ne daga wata baiwar Allah a Zariya. Ta ce tana kiwon kaji 18 a bayan gidanta, 12 masu ƙwai da ƙanana 6 'yan mako biyar, a wani fili mai mita 3 da mita 4 da aka kewaye da raga, akurkinsu kuma yana ciki. Tun da ruwa ya zauna wurin ya zama taɓo, ta zuba garin katako har sau biyu amma cikin kwana uku sai ya koma yadda yake, ga wari, ga ƙwai na fitowa da datti, sannan biyu daga cikin ƙananan sun fara kashin jini. Tana son sanin abin da za ta zuba wurin ya bushe.

Malama, Allah ya sanya albarka a kiwon. Tambayarki ta haɗa abu biyu, ɗaya ba ya jiran gobe, ɗayan kuma aiki ne na natsuwa, saboda haka zan fara da na gaggawar. Kashin jini a jikin kaza 'yar mako biyar, a tsakiyar damina, a kan jiƙaƙƙiyar ƙasa, kusan kullum alama ce ta cutar koksidiyosis, wadda wata ƙaramar halitta da ido ba ya gani take haddasawa ta hanyar cinye bangon hanji. Ƙwayayenta suna fita ne a cikin kashin kaza, kuma a lokacin da suka fita ba su iya kama wata kazar, sai sun samu danshi da ɗumi da iska na kwana ɗaya zuwa biyu kafin su nuna su zama masu cutarwa. Filinki a halin da yake ciki ya tanadar musu duka ukun. Manyan kajin sun riga sun saba da ita kaɗan-kaɗan har jikinsu ya samu kariya, amma suna ci gaba da zubar da ƙwayayen, ƙananan da ke tsakanin mako 3 zuwa 6 kuwa su ne suka fi saurin faɗuwa. Ki cire ƙananan guda shida gaba ɗaya yau ɗin nan, har da waɗanda ba su nuna komai ba, ki kai su busasshen wuri ko da kwandon kifewa ne a zaure ko a ƙarƙashin rumfa, ki nemi likitan dabbobi ya duba kashin. Maganin da aka fi bayarwa shi ne wanda ake rubuta amprolium a jikin ledarsa, ana sa shi a ruwan sha na kwana 5 zuwa 7. Yana aiki ne ta hanyar hana ƙwayar cutar samun bitamin B1, don haka kada ki haɗa shi da bitamin na kaji a cikin kwanakin, ki bari sai an gama. Akwai wasu magungunan wannan cuta, irin su toltrazuril da dangin salfa, waɗanda ba a ba kazar da ake cin ƙwanta, shi ya sa bai kamata ki zuba wa manya da ƙanana magani ɗaya a kasko ɗaya ba tare da an karanta abin da ke rubuce ba.

Yanzu ga batun taɓon. Kin tambayi abin da za ki zuba, ni kuwa abin da zan fara faɗa miki shi ne, muddin ruwa yana shiga wurin kuma ba shi da hanyar fita, duk abin da kika zuba ƙari kika yi wa taɓon. Garin katako kamar soso yake, yana tsotse ruwa ya riƙe shi. Kwana biyun farko sai wurin ya yi kyau a ido, daga nan kaji su tattake shi su cakuɗa shi da kashinsu, ya ruɓe ya zama baƙar laka mai santsi wadda ta fi ƙasar asali riƙe ruwa. Warin da kike ji daga nan yake fitowa. Kaza mai ƙwai tana yin kashi kamar giram 100 zuwa 120 a rana, kusan kashi uku cikin huɗu nasa ruwa ne, wato kajinki suna zuba wa wannan ɗan fili abin da ya kai kilo ɗaya da rabi kowace rana. A rani, rana da iska suna busar da shi ba a ma lura. A damina kuwa yana narkewa ya toshe 'yan kafofin da ruwa ke bi ya nutse, tattakin ƙafafu kuma ya daddale saman ƙasar kamar an yi daɓe.

Yana da kyau mu yi ɗan lissafi, domin mutane da yawa ba sa kawo yawan ruwan da ake magana a kai. Milimita ɗaya na ruwan sama a kan murabba'in mita ɗaya daidai yake da lita ɗaya. Filinki murabba'in mita 12 ne, to idan aka yi ruwa mai ƙarfi na milimita 30, wanda ba abin mamaki ba ne a watan Agusta, lita 360 ce ta sauka a kansa kai tsaye, wato jarka 14 mai cin lita 25 da ɗoriya. Yankin Zariya yana samun kimanin milimita 1,000 a shekara, mafi yawansa tsakanin Yuni da Satumba. Amma wannan duk ƙarami ne idan aka kwatanta da ruwan rufin gida. A ce ɓangaren kwanon da ke kallon bayan gida murabba'in mita 40 ne, a ruwa guda ɗin nan zai zubo da lita 1,200, jarka 48 ke nan, kuma a gidaje da yawa an kafa wurin kajin ne daidai inda wannan ruwa yake sauka, saboda a nan ne ake samun inuwa da lungu.

Na taɓa zuwa wani gida inda maigidan ya riga ya sayi yashi har sau biyu ya zuba, yana kukan cewa ƙasar gidansa ce ba ta da kyau. Ban fara da duba kajin ba, katangar na duba. A gindinta akwai koren layin gansakuka da ya kai tsayin taƙi guda, alamar inda ruwa yake tsayawa. A ƙarƙashin indararo ƙasa ta ƙwaƙule ta yi ɗan rami mai tsakuwa wankakkiya, daga nan kuma wata 'yar siririyar hanya ta miƙe ta bi ƙarƙashin raga ta shiga wurin kajin. Da muka je rariyar da ke jikin katangar baya, sai muka tarar ledojin ruwa da ganyen darbejiya sun toshe ta, yashin da ya zuba kuma ya ɗaga bakinta ya fi tsakiyar filin tsayi. Da sanda aka zaƙulo ledojin, ruwan da ya kwana uku a kwance ya fice kafin mu gama gaisawa da mutanen gidan. Saboda haka shawarata ta farko ba ta buƙatar ko sisi: idan an fara ruwa na gaba, ki ɗauki lema ki fita ki tsaya minti goma kina kallo. Ki ga ta inda ruwan yake shigowa, inda yake taruwa, da inda yake son fita amma ya rasa hanya. Ki kuma duba ko ruwan wanke-wanke, na makewayi, ko famfo mai ɗiga suna ƙarasawa can.

Idan ruwan rufi ne, a sa masa kwatar kwano ko ta roba a bakin rufin, a jawo shi da bututu zuwa tanki ko durom, abin da ya yi saura kuma a kai shi lambatu. Wannan kaɗai yakan rage fiye da rabin matsalar a gidaje da yawa, ga ruwan wanki kuma kin samu. Idan ruwan tsakar gida ne yake gangarowa, a haƙa 'yar magudana a gefen da ya fi tudu, a wajen ragar, zurfinta kamar santimita 30, a karkatar da ita zuwa rariya. Gangarar da ake buƙata ba ta da yawa, santimita 1 zuwa 2 a kowace mita ta isa ruwa ya tafi. Ana iya cika magudanar da manyan tsakuwa domin kada bakinta ya rufta kuma kada yara su faɗa. A nan sai na ja hankalinki kan inda ruwan zai ƙare, domin ruwa ne mai ɗauke da kashin kaji. Kada a tura shi gindin katangar maƙwabci, musamman idan ginin ƙasa ne, don a watan Agusta ne irin waɗannan katangu suke faɗuwa, kuma rigimar da za ta biyo baya ta fi ta taɓo. Idan babu lambatu sai an haƙa ramin tsotse ruwa a cika shi da duwatsu, to ya yi nisa da harsashin gini, ya kuma nisanci rijiya da aƙalla mita 15, in da hali ma ya kai 30.

Kafin a kashe kuɗi a kan ramin tsotse ruwa, a gwada ƙasar. A haƙa rami mai zurfin santimita 30, a cika shi da ruwa, a bari ya shanye, a sake cikawa. Idan na biyun ya tafi cikin 'yan sa'o'i, ƙasar tana sha, matsalar a sama take kawai. Idan ya kwana yana nan, ƙasar yumɓu ce ko kuma ruwan ƙasa ya taso kusa, kamar yadda ake gani a gidajen da aka gina a tsohuwar fadama ko a kan cikakken kududdufi. A irin wannan wuri rami ba zai yi amfani ba, shi ma cika zai yi.

Wannan ya kawo mu kan kuskuren da na fi gani, wato a kwashe taɓo a yi rami sannan a cika ramin da yashi. Idan ƙasar da ke ƙarƙashi yumɓu ce, abin da aka yi shi ne an gina kasko an cika shi da yashi, ruwa zai shiga ya kwanta a ciki ba a ganinsa, sai an taka ya ɓullo. Haka nan idan aka watsa yashi kaɗan a kan laka, kaji za su cakuɗa su, abin ya zama kamar kwaɓin magina, ya yi santsi a damina ya ƙame kamar bulo a rani. Abin da ke aiki shi ne ɗaga filin ya fi duk abin da ke kewaye da shi tsayi, yadda ruwa zai riƙa gudu daga gare shi maimakon ya nufo shi. A kankare baƙar lakar da ke sama, santimita 5 zuwa 10, har a iske ƙasa mai tauri. A jera bulo layi ɗaya ko biyu a kewaye, a bar 'yan kafofi a gefen da ya fi gangara. A cika da marmara ko ɓaraguzan gini, a daddaɓe da kyau ana ba shi gangara, sannan a shimfiɗa tsakuwa, a kawo yashin kogi mai kaushi a sama kamar santimita 8 zuwa 10. Yashin ya zama mai manyan ƙwayoyi, ba mai laushin da ake yaɓe da shi ba, domin mai laushi yana cushewa ya riƙe ruwa. Idan aka haɗa duka, filin ya ɗaga da santimita 20 ko fiye a kan tsakar gida. A fili irin naki wannan yana nufin kimanin baro 40 na ciko, aikin yini ɗaya ko biyu ga lebura biyu. Idan ɓaraguzan gini za a yi amfani da su, a tsince ƙusoshi da gilasai da gutsattsarin waya tukuna, saboda kaza tana tono kuma tana haɗiye abin da ke ƙyalli.

Wasu za su ce miki a zuba siminti a huta. A cikin akurki ina goyon bayan haka, domin yana sauƙaƙa wankewa kuma yana hana ɓera da gafiya haƙowa. A filin waje kuwa ban cika son sa ba. Kaza ba ta samun abin tono, tafin ƙafarta yana gogewa a kan tauri, kuma idan birkila bai ba shi gangara daidai ba sai ki samu kwatami mai santsi wanda ya fi na da wahalar gyara. Idan har za a yi, dole a riƙa shimfiɗa wani abu a kai.

Bayan ɗaga ƙasa sai rufi, kuma a ganina shi ne ke raba gyaran da zai daɗe da wanda za a maimaita baɗi. Ba lallai a rufe filin duka ba, amma a rufe aƙalla kashi biyu cikin uku, har da inda abinci da ruwan sha suke da kuma ƙofar akurki, domin nan ne aka fi tattakawa. Bakin kwanon ya zarce ragar da kamar rabin mita, ruwansa kuma ya zuba a waje cikin magudana. A ƙasarmu hadari daga gabas yake tasowa da iska mai ƙarfi, ruwan yakan shigo a karkace, shi ya sa magina na da suke ba bangon gabas kulawa ta musamman. Ki rataya tamfol ko zana a wannan gefen, a sauke idan hadari ya haɗu, a naɗe idan gari ya washe. Kada a rufe kowane gefe da leda, domin iska ce ke busar da ƙasa kuma ita ce ke kwashe wari. A kuma tuna da bazara tun yanzu: kwano mai ƙasa-ƙasa a watan Afrilu tanda ne, kuma zafi yana kashe kaza mai ƙwai da sauri fiye da taɓo. Rufin ya kai tsayin mita 2 ko fiye, a ɗora masa zana ko kara a sama idan zafi ya zo.

Sai a wannan mataki ne tambayarki ta asali take da amsa. A ɓangaren da ke buɗe, yashi kaɗai ya isa, ana bin sa da manjagara ana kwashe kashi duk bayan kwana biyu ko uku. A ƙarƙashin rufi da cikin akurki, buntun shinkafa ya fi komai a wurina, saboda ba ya tsotsar ruwa sosai, yana saurin bushewa, yana jinkirin ruɓewa, kuma ana samun sa da araha a wurin masu injin casa. Firar katako mai faɗi, wadda injin gogar katako ke fitarwa, ita ma tana da kyau, ta fi garin katako mai laushi nesa ba kusa ba. Ɓawon gyaɗa da karan masara suna saurin yin fumfuna idan sun jiƙe, fumfunar kuma tana shiga huhun 'yan tsaki su riƙa buɗe baki suna haki, don haka sai in babu wani. Kaurin shimfiɗar ya kai santimita 8 zuwa 10. Hanyar gane lafiyarta ita ce ki damƙi cikin hannu ki matse, idan kika buɗe ta warwatse to lafiya, idan ta dunƙule kamar fura to ta jiƙe, a kwashe wannan ɓangaren. Ki kuma durƙusa ki kai fuskarki daidai tsayin kan kaza. Idan idonki ya yi yaji, iskar amoniya da ke tashi daga kashin kaji ta yi yawa, kuma su da suke kwana a ciki ta riga ta fara ƙona musu ido da hanyar numfashi. Game da toka, wadda mata da yawa suke zubawa don kashe wari, a kan jiƙaƙƙen kashi ƙara tayar da amoniya take yi. Amfaninta yana cikin busasshen wuri: ki samu tsohuwar taya ko faffaɗan kasko a ƙarƙashin rufi, ki haɗa yashi da toka kaɗan, kajin su riƙa birgima a ciki, wannan yana rage musu ƙuma da ƙwarƙwata.

Mazubin ruwan sha ma yana da nasa laifin. A ɗaga shi ya kai tsayin bayan kaza, a ɗora shi a kan bulo ko a kan raga mai tsakuwa a ƙarƙashi, kuma a daina zubar da ragowar ruwan jiya a cikin filin. Abinci kada ya taɓa ƙasa, wanda ya jiƙe kuma a zubar.

Na san ana tsakiyar ruwa, kuma cikon marmara ba ya daddaɓuwa da kyau a kan jiƙaƙƙiyar ƙasa. Abin da za ki iya yi a wannan makon shi ne buɗe rariya, karkatar da ruwan rufi, kankare lakar, ɗaura tamfol mai gangara a sama, da jera tsofaffin katakai ko fale-falen itace a kan bulo domin kajin su samu busasshen wurin tsayawa. Ki ƙara musu sandunan hawa, don kaza da kanta ba ta son tsayawa a ruwa idan ta samu inda za ta ɗare. A ranar da aka wuni ana ruwa, a bar su a akurki idan yana da sarari da iska. Babban aikin ciko da rufi a bar shi zuwa Nuwamba ko Disamba. Lakar da aka kwashe taki ce mai ƙarfi, amma a tara ta a wani gefe nesa da kajin ta yi wata uku ko fiye ta ruɓe, kada a zuba ta ɗanya a kan latas ko wani ganyen da ake ci ba a dafa ba.

Akwai kuma batun yawa. Ƙa'idar da ake bi ita ce kowace babbar kaza ta samu kusan murabba'in mita ɗaya a filin waje, naki kuwa 12 ne kuma akurki ya cinye wani ɓangare. Idan ƙananan nan suka girma, kaji 18 sun yi wa wurin yawa ko da an gyara shi. Ko dai a faɗaɗa, ko a rage, ko a ware wa ƙananan nasu wurin, wanda dama shi ya fi, domin haɗa manya da ƙanana shi ne ya jawo abin da kike gani yanzu.

Bayan an fita daga wannan hali, a ba manyan maganin tsutsar ciki bisa shawarar likita, saboda ƙwan tsutsa yana daɗewa a ƙasa mai danshi, su tana (wato tsutsar ƙasa) da dodon koɗi da ƙwari kuma suna ɗauke da wasu nau'o'in tsutsar cikin. Ki riƙa ɗaga kowace kaza kina duba tafin ƙafarta, idan kin ga baƙin tabo ko kumburi mai tauri a tsakiya, fata ce ta jiƙe ta tsage ƙwayar cuta ta shiga, kuma yana da sauƙin magani idan an gano da wuri. Ruwan da ke kwance yana haifar da sauro, sauro kuma shi ke yaɗa ƙurajen da ke fitowa a zanko da fuskar kaji. Wannan cuta tana da rigakafi, cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta ƙasa da ke Vom a jihar Filato tana cikin masu yin sa, ana kuma samun sa ta hannun likitocin dabbobi.

Ƙwai masu datti kuwa daga ƙafafun kajin ne. Ki sa busasshen buntu mai kauri a wurin saka ƙwai da kuma hanyar shigarsa, ki riƙa kwashewa sau biyu ko uku a rana. Wanda ya ɗan ɓaci a goge shi da busasshen ƙyalle. Kada a tsoma ƙwai a ruwan sanyi, domin ɓawonsa yana da dubban ƙananan kafofi da wani siririn rufi da ke toshe su, wanki yana cire rufin, ruwan sanyi kuma yana sa cikin ƙwan ya janyo dattin ta kafofin. Idan ya zama dole a wanke, a yi da ruwan da ya fi ƙwan ɗumi, a dafa shi a ranar har ya nuna sosai, kada a ajiye shi kuma kada a sa shi cikin na sayarwa. Ki ware takalmin roba ɗaya na shiga wurin kajin wanda ba ya shiga ɗaki, yaran gida kuma su wanke hannu da sabulu duk lokacin da suka fito daga can.